Abin da Muke Kira Magani: Fashin Baƙi kan Feshin Gona da Lafiyar Mutanen Zazzau

A Hausa, kalma ɗaya muke kiran abin da ake ɗura wa jariri idan zazzaɓi ya kama shi da abin da ake zubawa a injin feshi domin a kashe tsutsar masara. Dukansu magani muke ce musu. Na daɗe ina ganin cewa wani ɓangare na halin da muke ciki daga wannan suna ya faro, domin duk abin da aka kira magani zuciya takan saki jiki da shi, a ajiye shi a ƙarƙashin gado, a auna shi da ido, a ƙara masa kaɗan idan ana so ya yi saurin aiki. Alhali abin da ke cikin kwalbar nan guba ce da aka haɗa da gangan domin ta kashe mai rai, kuma jikin ɗan Adam da na ƙwaro sun yi tarayya a abubuwa da yawa fiye da yadda muke zato.

Adalci ne a fara da dalilin da ya sa manomi ya rungumi feshi, domin wanda bai taɓa biyan kuɗin 'yan ƙwadago ba shi ne zai yi saurin ɗora masa laifi. A da, gayya takan fitar da mutum daga noman fari da maimai, amma yanzu ta ja baya, matasa sun koma acaɓa da wasu sana'o'in birni, kuma kuɗin da za a biya mutum goma su nome eka ɗaya ya ninka kuɗin kwalbar maganin ciyawa sau da yawa. Manomin masara a Giwa ko Soba ko Makarfi lissafi yake yi, kuma lissafinsa ba wauta ba ce. Ga kuma baƙin ƙwari da suka shigo mana. A shekarar 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cinye zuciyar masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a wannan shekarar ce tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Wake kuwa kowa ya san halinsa: daga ranar da ya fara fure ƙwari suke kansa, har ya shiga buhu ba su rabu da shi ba. Saboda haka duk wanda ya ce a daina feshi gobe da safe bai san gona ba. Tambayar da ta dace ita ce wace irin guba ake fesawa, yaya ake fesa ta, kuma wane ne yake biyan kuɗin da ba a rubuta a jikin kwalba ba.

Magungunan da ke yawo a kasuwanninmu iri-iri ne, amma waɗanda suka fi jawo ciwo na gaggawa su ne dangin da Sniper da fiya-fiya suka fito daga cikinsa, wato masu ɗauke da sinadarin da ake rubuta DDVP a jikin kwalba, da 'yan'uwansa irin su kulofirifos. Yadda suke aiki abin a sani ne. A jikin ƙwaro, kamar yadda yake a jikin mutum, jijiya tana aika saƙo zuwa ga tsoka ta hanyar wani sinadari, kuma da zarar saƙon ya isa akwai wani sinadarin daban da aikinsa shi ne ya share na farkon domin tsokar ta huta. Wannan guba, sinadarin da ke sharewar take ɗaurewa. Sai saƙo ya yi ta zuwa babu tsayawa, kamar mai buga ƙofa da ya ƙi dainawa, tsoka ta yi ta motsi har ta gaji ta sake. Shi ya sa wanda gubar ta shiga jikinsa za a ga yawu yana dalala, gumi yana keto masa, hawaye na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama kamar kan allura, ga amai da gudawa da rawar jiki, daga bisani ƙirji ya cika da majina numfashi ya gagara. Abin da ya kashe ƙwaron shi ne yake kama mutumin, bambancin kawai girman jiki ne da yawan abin da ya shiga.

Kuma ba sai an sha ba. Wannan shi ne abin da yawancin 'yan feshi ba su yarda da shi ba. Fata tana shan waɗannan sinadarai, musamman idan ta jiƙe da gumi, kuma huhu yana ɗaukarsu daga iska. Duk wanda ya bi hanyar Shika zuwa Giwa da damina ya ga hoton da nake nufi: saurayi da singileti da gajeren wando, ƙafa babu takalmi ko da silifas, injin goyo yana yoyo a gadon bayansa tun safe har rana ta take, yana tafe cikin ganyen da ya riga ya jiƙa da magani. Idan bakin injin ya toshe, sai ya cire ya hura da bakinsa. Idan zai dama, wani lokaci da hannu yake juyawa. Ya tashi aiki da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a ce rana ce ta buge shi ko zazzaɓin cizon sauro ne, a saya masa ƙwaya a kemis, washegari ya koma. Galibin waɗannan samari ba gonarsu ba ce, kuɗin feshi ake biyansu a kan kowane goyo, saboda haka gwargwadon saurinsu gwargwadon samunsu, kuma rigar kariya da safar hannu da takalmin roba, ga tsada ga zafi, jinkiri ne a wurinsu. Idan ya koma gida, matarsa ko ƙanwarsa ce za ta wanke kayan da hannunta, sau da yawa a baho ɗaya da kayan yara.

A inda nake ganin igiyar ta fi tsinkewa shi ne tsakanin kwalba da gona. Kowace kwalba ta gaskiya tana ɗauke da bayani: yawan da za a zuba a lita kaza na ruwa, amfanin gonar da aka yarda a fesa wa, da kwanakin da za a jira kafin girbi. Akwai kuma zanen launi a gindin takardar, ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore ga mai sauƙi. Amma bayanin da Turanci yake, da ƙananan haruffa, kuma manomin da ya iya karatun Hausa da boko ko da ajami ba shi da rabo a ciki. Malamin gona ya yi ƙaranci, wasu ƙauyukan sukan shekara ba su ga ƙeyarsa ba. Wanda ya maye gurbinsa shi ne mai shagon magani, wanda abincinsa yana cikin yawan abin da ya sayar. Na sha tsayawa a irin waɗannan shaguna ina jin cinikin. Manomi ya ce, "Alhaji, na bara bai yi mini aiki ba, a ba ni mai ƙarfi." Mai shago ya ce, "Baba, ka haɗa wannan da wannan, ka zuba gwangwanin madara ɗaya a kowane goyo, in sha Allahu ko motsi ba za su yi ba." Babu mugun nufi a zuciyar kowannensu, amma an haɗa sinadarai biyu ko uku da babu wanda ya gwada su tare, an ninka awo, kuma ba a yi maganar ranar girbi ba. Ga kuma na jabu da wanda wa'adinsa ya ƙare da wanda ake ɗurawa a kwalbar lemo ana sayarwa da awo a ranar kasuwa, babu suna babu takarda.

Maganin ciyawa mutane sun fi raina shi, a tunaninsu abin da aka yi domin ganye ba ya taɓa mutum. Farakwat, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone, ya isa ya gyara wannan tunani, domin kurɓa ɗaya tana iya kashe babban mutum, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, kuma har yau babu makarinsa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. Gilaifoset kuwa, wanda ake fesawa kafin shuka domin share gona, masana sun rabu a kansa: a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, amma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga haka ba idan an bi ƙa'ida, kuma Tarayyar Turai ta sabunta masa izini a 2023. Abin lura a nan shi ne sharaɗin da suka gindaya, wato bin ƙa'ida, domin duk lissafin da aka yi na amincin waɗannan sinadarai an yi shi ne a kan mai feshi da ya rufe jikinsa ya kuma auna daidai, ba a kan saurayin nan mai singileti ba. Kulofirifos kuma Turai ta janye shi a 2020 saboda hujjojin da suka nuna yana cutar da ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Irin wannan illa ba ta zuwa da amai ko suma balle a gane ta, shekaru take ɗauka, kuma idan ta bayyana babu mai tuna kwalbar da ta jawo ta.

Daga gona sai tukunya. Fadamun da ke bakin Galma da Kubanni su ne ke ciyar da Zariya da tumatir da attaruhu da kabeji da latas da alayyafo a lokacin rani. Kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira bayan feshi kafin a tsinki amfani, domin rana da iska su karya ƙarfinsa. Amma mai lambu da ya ji farashi ya tashi a kasuwa, ko dillali ya zo da mota, da wuya ya jira, kuma akwai masu yin feshi dab da tsinka da niyyar kayan su yi kyan gani su jure hanya. Tumatir ana dafa shi, amma latas da kabeji da kokwamba ɗanyu ake ci, musamman da azumi. Wankewa da ruwa mai yawa yana rage wanda ke bisa ganye, sai dai akwai magungunan da tsiro yake shanyewa su shiga jikinsa, waɗannan kuwa ruwa ba ya fitar da su.

Batun wake ya fi kowanne tayar mini da hankali, domin a nan kai tsaye ake zuba gubar a kan abincin. Ɗan kasuwa ya sayi wake da kaka yana so ya ajiye zuwa bazara, ya san idan ya bar shi haka ƙwari za su mayar da shi gari, sai ya yayyafa masa DDVP ko ya barbaɗa hoda ya ɗinke buhu. A 2008 an kwantar da mutane fiye da ɗari a jihar Kuros Riba bayan cin abincin da aka yi da wake, yara biyu suka rasu, kuma a shekarar ce ɗalibai mata fiye da ɗari suka kwanta a wata makaranta a jihar Gwambe a kan irin wannan dalili. Bayan haka ne hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta sinadaran noma guda 30, har da wanda ke cikin maganin ƙwarin nan gamalin. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda iyakar da ta yarda da ita ta DDVP ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an sami buhunan da suka kai miligiram 4.6, wato ninki 460. An yi ta maganar asarar kuɗin shiga da zubewar mutuncin ƙasa, kuma gaskiya ne, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Waken da aka tura Turai shi ne wanda aka zaɓa aka tankaɗe, kuma can akwai mai gwadawa a bakin iyaka. Wanda ya rage a gida, wanda ake yin ƙosai da alale da wake da shinkafa da shi a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni, babu wanda ya gwada shi kafin ya shiga bakin yaro.

Cikin gidajenmu ma gubar ta sami wurin zama. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo, a rufe ƙofa, bayan ɗan lokaci a shigar da yara su kwanta, maganin gona ne da aka tsinka. Ƙwayar nan ta adana hatsi da ake kira bam, idan ta sha danshin iska takan saki wani hayaƙi mai kisa wanda ba shi da makari, kuma haɗarinta yana kan iyalin da ke kwana ɗaki ɗaya da buhunan, ko ɗakin da bango ɗaya ya raba su. Jarkar magani da ta ƙare akan ɗauraye ta a zuba mai ko ruwan sha ko a tafi da ita gona da kunu, alhali roba tana riƙe sinadarin ko an wanke. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba, wato matasa da matan aure da baƙin ciki ya rufe wa ido na ɗan lokaci suka tarar da kwalba a kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, kuma ƙasar Siri Lanka, da ta haramta mafiya haɗari daga cikinsu, an ƙiyasta ta ceci rayuka kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015 ba tare da nomanta ya durƙushe ba. Wannan dalili na cikin abin da ya sa NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna a 2019.

Abin da bai tsaya a jikin mutum ko a kan ganye ba, ƙasa da ruwa ne suke karɓarsa. Ruwan sama na farko bayan feshi yana wanke gona zuwa kwari, kwari ya kai rafi, rafi ya kai Kubanni ko Galma, kuma daga Galma ake ɗebo ruwan da Zariya ke sha. Ɗan feshi ma a bakin rafin yake dama magani, a nan yake wanke injinsa. Atarazin, wanda ake yawan fesa wa masara, an san shi da daɗewa a cikin ruwa da sauka zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan ne ya sa Turai ta daina amfani da shi tun 2004, mu kuwa rijiyoyin ƙauyukanmu ba su da zurfi kuma a gefen gonaki suke. Tsofaffin sinadarai irin su DDT da gamalin sun fi muni ta wannan fuska, domin ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a kitsen kifi da na dabba da na mutum har su fito a ruwan nono, shi ya sa yarjejeniyar Sitokholm ta 2001 ta taƙaita DDT, aka kuma ƙara sinadarin gamalin a jerin a 2009. Masu zuba gamalin a kududdufi domin kifi ya taso sun kashe tarwaɗa da ƙwanta da abincinta a rana ɗaya, sannan sun kai wa mutane gubar a faranti.

A cikin gonar kanta akwai ma'aikatan da ba a biyansu, kuma feshi bai san su ba. Gizo-gizo da zanzaro da wasu ƙananan ƙwari suna cin tsutsa da ƙwanta, ƙudan zuma yana ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, tana tana buɗa ƙasa, kwaɗo yana cin abin da ya samu. Idan aka yi feshin kan mai uwa da wabi, maɓarnacin yakan riga maƙiyinsa farfaɗowa domin ya fi shi saurin haihuwa, sai ya dawo gonar da babu mai tsare ta. Kaɗan ɗin da suka tsira daga feshin kuma su ne masu jurewa, su za su hayayyafa, bayan 'yan shekaru maganin ya daina kama su. Wannan ita ce amsar koken manomin da ya ce na bara bai yi aiki ba, kuma ƙara awo da yake yi yana ƙara hanzarta abin ne. Lamarin ya wuce gona, domin dangin sinadaran da ake jiƙa gidan sauro da su ana fesa su a lambu da gonar shinkafa, inda sauro yake ƙyanƙyasa, kuma bincike a Arewacin Nijeriya ya tabbatar da cewa sauron da ke kawo zazzaɓi ya fara jure musu. Masu ɗaura amya suna kukan zuma ta ragu, kuma a 2018 Tarayyar Turai ta hana fesa wasu sinadarai uku a fili saboda ƙudan zuma kaɗai. Akwai kuma asarar da mata suka fi maza gani: tafasa da lalo da gasaya da rama da suke fitowa da kansu a gefen gona, waɗanda suke rufa wa gida asiri a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya nuna, maganin ciyawa bai bambanta su da sauran ciyayi ba.

Ta fuskar doka an yi motsi. NAFDAC ta sanar da janye farakwat daga farkon 2024, kulofirifos daga ƙarshen shekarar, atarazin kuma daga farkon 2025. Mataki ne mai kyau, sai dai sanarwa a Abuja ba ta kwashe kwalba daga kan tebur a kasuwar ƙauye, kuma idan aka hana manomi abin da ya saba da shi ba a nuna masa madadinsa ba, ta bayan fage zai nemo shi, a farashi mafi tsada kuma babu tabbacin abin da ke ciki. Ina kuma ganin rashin adalci ne a ce ƙasashen da suka hana wani sinadari a gonakinsu suna barin kamfanoninsu su sarrafa shi su turo wa ƙasashe irin namu.

Abin da ya sa maganar ta fi ciwo a Zazzau shi ne madadin a ƙofar gidanmu yake. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma cibiyar binciken noma ta IAR da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ita ce ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda yake kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanson wake, har feshin da akan yi sau shida zuwa takwas a damina ya sauko zuwa kamar sau biyu. Iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma akwai masu adawa da irin wannan fasaha, muhawarar da ta cancanci a yi ta a fili da hujja, amma a sanya lafiyar ɗan feshi a cikin ma'aunin. Wajen ajiya kuwa babu ma abin jayayya. Buhun PICS mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, idan aka busar da wake sosai aka ɗaure kowane rufi da kyau, ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar su mutu da kansu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko durom mai murfin da iska ba ta shiga aiki ɗaya suke yi, kuma dabarar kakanninmu ta cakuɗa iri da toka ko yashi mai laushi tana da tushe. Ruwan 'ya'yan dogonyaro da aka daka aka jiƙa yana korar ƙwari da dama a lambu. Zagaya gona a duba kafin a yanke shawarar feshi, da fesawa da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta kuma ƙudan zuma ba ya kan fure, da sauya irin maganin daga shekara zuwa shekara, duk ba sa buƙatar ƙarin kuɗi. Cibiyar NAERLS, ita ma a Samaru, aikinta ke nan na isar da irin wannan ilimi ga manoma, kuma ina ganin wanda ya kamata a fara koyarwa shi ne mai shagon magani, tunda shi manomi yake tambaya, tare da tilasta wa kamfanoni su rubuta awo da kwanakin jira da Hausa, boko da ajami, da haruffan da dattijo zai iya gani.

Kafin a kai can, akwai abin da ya kamata kowane gida ya sani domin ranar da tsautsayi ya faɗa. Idan magani ya taɓa mutum, a fitar da shi daga wurin zuwa inda iska take, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, kuma mai taimakon ya kare hannunsa ko da da leda ce. Idan sha ya yi, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin amai yana iya komawa huhu ya ƙara ɓarna. Idan ya fita hayyacinsa a kwantar da shi a gefe ɗaya. A garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin farakwat yakan yi shiru na kwanaki kafin ya nuna kansa. A tafi da kwalbar ko takardarta, saboda dangin DDVP suna da allurar da ke karya su, aturofin, kuma sunan da ke jikin kwalbar ne zai gaya wa likita ko ita zai ɗauko ko wani abu daban.